Ƙudan Zuma a Kwarin Idon-Barewa

Abel, mahaifin Lorna Silveira, ba mai yawan magana ba ne, amma akwai doka ɗaya da ya nanata mata har ta gundure ta: da zarar itacen idon-barewa ya fara tsayar da tohon furensa kamar kyandir, a kwashe akwatunan zuma daga kan tudu a gangara da su ƙasa, ko da ranar ɗaurin aurenki ce. Shekara ashirin da shida tana bin dokar nan. Bana ne ta ce bari ta ƙara mako ɗaya.

Ba a ce ba ta da hujja ba. Wutar dajin bara ta cinye rabin duwatsun wannan yanki na Kalifoniya, ƙudan sun fito daga sanyi a rame, ga kuma ɗan sauran furen ciyawa a bakin rafi suna lasa. Mako ɗaya dai, su murmure. To, kwaɗayi mabuɗin wahala. A rana ta biyar aka tafka ruwan da ba a saba gani a watan Mayu ba, gangaren da wuta ta yi wa tsirara ya zame gaba ɗayansa ya zauna a kan hanya ɗaya tilo da mota ke bi ta fita daga kwazazzabon. Akwati arba'in da takwas suna wannan gefe. A-kori-kurarta ma tana nan, ta sha mai taf, ba inda za ta.

Hollis, shugaban masu gyaran hanya, ya gaya mata a waya cewa aikin mako uku ne, in dutsen bai ƙara zamewa ba. Ya ce mutum dai zai iya fita ta turbar ƙafa, mil huɗu ta bayan dutse. Ta tambaye shi ko ya taɓa ɗaukar akwatin zuma a ka, mai nauyin ƙato guda, da mazauna dubu hamsin a ciki. Ya yi dariya ya ce Allah ya sawwaƙe. Ita ba ta ga abin dariya ba.

Kwana uku bayan haka furen ya buɗe. Kwarin ya yi fari fat, ƙamshi har cikin ɗakin girki. Duk mai kiwon zuma a nan ya san aikin itacen nan. Ƙudan da ya sha furen ba ya faɗuwa nan take. Gida yake kaiwa, a ciyar da 'ya'ya da sarauniya. Bayan 'yan makonni sai ka ga sababbin ƙuda suna rarrafowa ba fiffike, sarauniya tana zuba ƙwan da ba ya ƙyanƙyashewa, gida ya mutu a tsaye. Waɗannan kuwa ba ƙudan kasuwa ba ne da za ta je ta sayo wasu. Iri ne da mahaifinta ya fara tacewa tun tana goye, ita ta ɗora, masu sanyin hali har takan buɗe su ba safar hannu.

Ta ɗauki tsani da almakashin lambu ta shiga yanke fure. Kwana biyu, itace bakwai, kafaɗa kamar ta cire. A nan Wilma ta same ta, tsohuwar maƙwabciyarta 'yar ƙabilar Mono, 'yan asalin yankin, wadda ta haura tamanin amma bakinta bai tsufa ba. Ta jingine sanda, ta zauna a kan dutse tana kallo.

"'Yar Abel, in kin gama da waɗannan, akwai wasu ɗari huɗu daga nan zuwa mashigi. In aika miki abincin rana can?"

Lorna ta ce saura ƙiris ta ɗauko injin zarto ta kwantar da su duka. Wilma ta ce ta sare ɗaya ta gani, goma ne za su tsiro daga kututturen, wuta ma ta gwada ta haƙura. Daga nan ta shiga labarin kakarta, yadda a shekarar yunwa takan dafa ƙwallon itacen ta kirɓa, ta zuba a ramin yashi a bakin rafi, ruwa ya yi ta bi ta kai kwana da kwanaki har dafin ya fita, sannan a ci. Ɗanyensa kuwa dakawa ake yi a watsa a gurbin ruwa, kifi su taso ciki sama.

"Ba mugu ba ne, sai dai a san shi," in ji ta. "Ƙananan ƙudanmu na daji suna shansa tun kafin a haifi kakan kakanki, ko ciwon kai. Naku ne aka kawo a jirgin ruwa, ba su tambayi kowa ba suka hau ci."

Lorna ta ji haushi, don maganar gaskiya ce kuma ba ta tsinana mata komai ba.

Dabara ɗaya ta rage. Da sassafe kafin su fara fita, ta bi akwatunan ɗaya bayan ɗaya ta toshe ƙofofinsu da ragar waya. Ta sa musu ruwan sukari, ta jiƙa buhunan algarara ta lulluɓe su, tana jigilar ruwa daga rafi bokiti biyu-biyu. Da a ce sanyi ya ƙara 'yan kwanaki, da ta sha. Amma rana ta buɗe da gaske. A kwana na biyu akwatunan suka fara ruri, irin wanda ake ji a ƙirji tun daga nesa. Takan ga kawunansu cunkushe a jikin raga, suna jin ƙamshin suna neman hanya. Tausayinsu ya hana ta cin abinci.

A kwana na huɗu da hantsi ta tarar da akwati na tara ya yi tsit. Zuma na ɗiga ta ƙasansa. Da ta ɗaga murfin, zafi ya narkar da saƙar, ta rufto, ƙudan duk sun nutse a cikin abincinsu. Na goma sha biyu ma ya fara ɗiga.

Ta kira Hollis hannunta na danƙo. Ya ce, "Madam, katafila biyu nake da su, dutsen kuma bai san sauri ba. Kwana goma sha ɗaya, in an yi sa'a."

Wilma tana nan a kan dutsenta, yau ba ta yi tsokana ba. Lorna ta tsaya a gabanta da guntun saƙa a hannu.

"Gwaggo, in na bar su a rufe ba za su kai jibi ba. In na buɗe, kin san inda za su."

"Na sani."

"To me zan yi?"

"Wannan ba a tambayar maƙwabci, 'yar nan. Naki ne."

Gaba kura, baya siyaki. Ta yi ta juya abin a ranta, ko'ina ta ɓullo asara ce, bambancin kawai wata yau ce wata sai wata mai zuwa. In ta buɗe, wataƙila ruwan sukarin ya rage kaifin dafin, wataƙila sarauniya biyar ko shida su kai labari. Wataƙila kuma ko ɗaya. Ta durƙusa a gaban akwatin farko, ta sa ƙarfen buɗe murfi ta ɓamɓare ragar.

Suka fito kamar hayaƙi. Ko kewaye gidan ba su yi ba, suka miƙe zuwa farin gangaren. Ta bi layi tana ɓamɓarewa, hawaye na zuba, ba hannun sharewa. Tana kan na ashirin da uku ta waiwaya, sai ga ta farko cikin ƙudan ta dawo. Ta sauka a bakin ƙofa da nauyi, ƙafafunta dam da garin fure, masu gadi suka shinshina ta suka ba ta hanya, ta shige da sauri don ta gaya wa sauran inda ta samo.