Bindigar Mbah Tukijan a Cikin Rogo

Mbah Tukijan, wato Kaka Tukijan a yaren ƙauyensu, ya ɗora ganyen rogo a kan katakon gindin bindigarsa, ya danne shi da ɗan yatsa, ya fesa koren fenti. Da ya ɗaga ganyen sai ga siffarsa raɗau, yatsu biyar, kamar tafin hannun jariri. Ya kai katakon dab da hancinsa yana dubawa. Haka yake duba komai yanzu, amma kada ku ce ni na faɗa.

Tun hantsi yake zaune a barandar bayan gida. Ya kwance bututun bindigar iskar ya ajiye a kan jarida, ya kankare tsohon mai na katakon da samfefa, ya shafa fenti ruwan ƙasa, ya bari ya sha iska. Yanzu sai ganye: na rogo, na gora, da wani ɗan ciyayi da ya tsinko a gindin rijiya.

"Mbah, yaƙi za a tafi ne?" Sarinten ce, maƙwabciyarsa, ta leƙo ta saman shinge da kwandon wanki a kwankwaso. "Ko tsufa ne ya sa ka koma wasan fenti?"

"Kula da wankinki. Kurege nake wa kwalliya."

"Kuregen da ya ga katakonka yana ƙyalli ya gudu, ko?" Ta ƙyalƙyale da dariya, ta wuce.

Ai duk ƙauyen ya san zancen. Shekara talatin Tukijan yana cikin masu harbin kurege. Duk Lahadi sukan hau babura su shiga gonakin kwakwa, su kakkaɓo ɓarayin da ke huda 'ya'yan tun suna ɗanyu, masu gona su dafa musu shinkafa da miyar ganye mai yaji, a zauna a ƙirga jela ana tsiya. Tun da matarsa Ngatinem ta rasu, 'yarsa kuma ta bi miji birnin Surabaya, wannan Lahadin ce kaɗai ranar da yake cin abinci da wani mutum a gefensa.

To, wata guda da ya wuce ya auna wani abu a kan reshe ya sake. Ashe hular Wagiman ce, shugaban tafiyar, da ya rataye ya tafi fitsari. Daga ranar babu wanda ya sake tsayawa a ƙofarsa. Da ya tare Wagiman a shagon kofi, mutumin ya sosa ƙeya ya ce, "Mbah, katakon bindigarka ne. Yana ƙyalli da yawa, yana korar mana nama. Dubi namu, duk zanen ganye ne."

Tukijan ya ce, "Shi ke nan? In na fente fa?"

"In ka fente, ai sai mu biyo."

Shi ya sa yau Asabar yake tari cikin warin fenti. Ya yi shimfiɗa uku: kore mai duhu, kore mai haske, sannan ya ɗiga baƙi da tsinken tsintsiya. Babu wanda zai nuna wa. Sau biyu ya juya wajen ƙofar kicin da katakon a hannu, sannan ya tuna Ngatinem ba ta nan, ya mayar da shi kan jarida.

Washegari da ya dawo sallar asuba ya haɗa bindigar tsaf. Ya shinshina, ya ji har yanzu akwai wari, kurege kuwa hancinsa ya fi idonsa. Sai ya kai ta cikin rogon bayan gida ya jingine, iska ta ɗan buge ta. Ya koma ya dafa kofi, ya sa dogon wandonsa na daji, ya cika aljihu da harsasai, ya zauna a kan benci yana sauraren hanya.

Rana ta ɗan ɗaga sai ga ƙarar babura. Sun zo! Ya miƙe har kofi ya zube masa a ƙafa.

"Mbah! Fito mu ga amaryar!" in ji Wagiman daga bakin titi, sauran na dariya.

"Ga ni nan!"

Ya zaga baya da sauri, ya shiga cikin rogon. Ya miƙa hannu inda ya jingine ta, ya damƙo kara. Ya matsa gaba, kara. Ya tsaya, ya murza ido. Ko'ina kore ne da ruwan ƙasa da ɗigon baƙi, ganye bisa ganye, rana tana ratsawa tana motsa su. Daga wannan gonar ya tsinki ganyen da ya yi zanen, ba daga wata ba.

Aka danna oda a waje. Ya bi layi na biyu yana lalube, ya dawo na farko. Gumi ya jiƙa masa wuya.

"Mbah, rana na yi fa." Wagiman ya zagayo, tabarsa mai kanumfari a baki. Ya buɗe baki zai ƙara wata tsiyar, sai idonsa ya faɗa kan bindigar.

Tukijan bai ga fuskarsa sosai ba, amma ya ga inda kansa ya karkata: nan gefen daman shi Tukijan ɗin, kusa ƙwarai, wurin da bai fi taku ɗaya ba. Ya juya ya kalli wurin da kyau. Ganye kawai ya gani.

Wani zakara ya yi cara a gidan Sarinten. Wagiman ya cire tabar, ya dube ta kamar yau ya fara ganin taba.

"Bai bushe ba," in ji Tukijan. "Fentin. Yana kama hannu. Ku tafi kawai."

"Fentin zamani ke nan, Mbah, ba ya sauri," Wagiman ya ce a hankali. "In mun samu da yawa zan kawo maka biyu."

"Ka kawo masu ƙiba. Ba irin 'yan ramammun da kake harbowa ba."

Wagiman ya yi 'yar dariya, ya juya. Babura suka tashi ɗaya bayan ɗaya, ƙararsu ta bi hanyar gonaki har ta ɓace.

Tukijan ya durƙusa, ya bi ƙasa da tafin hannu zuwa dama, har yatsunsa suka taɓa ƙarfe mai sanyi. Ya jawo ta, ya ɗora a cinya, ya shafa katakon daga sama har ƙasa. Ya bushe ƙayau, santsi kamar kwano.

"Kai, Tukijan," ya ce da kansa, "aiki dai ka iya shi."

Ya zaro harsasan daga aljihu, ya juye su cikin gwangwanin kofi, ya rufe. Sannan ya shiga ya ɗora tukunyar shinkafa, ya auna ta mutum ɗaya.