Ƙirjin Baban Debby

Mijina Ernest, wanda duk Sabon Tasha ke kira Baban Debby, ba ya fara yini sai da wa'azi, kuma shi ne fasto, shi ne jama'a. Akwai wani fasasshen madubi a bayan ƙofar ɗakinmu. Kullum da safe zai tsaya gabansa, ya bugi ƙirji ya ce, "Ernest, kai mai ƙarfi ne. Yau ranarka ce." Ni kuwa ina tsugune gaban murhu, sai in ce, "To mai ƙarfi, a miƙo mini ashana."

Kada in ci haƙƙinsa, abin ya yi masa rana. Ya shigo Kaduna daga ƙauye ko takalmi babu, ya fara da sharar auduga a wata masaƙa a Kakuri. Aka ce wanda bai yi boko ba ba zai taɓa inji ba, ya je ya gaya wa madubinsa ƙarya ne. Ya koyi inji, ya gwanance, har aka ɗora shi kan masu saƙa. Bakin nan nasa ne ya rufa mana asiri, ya sa 'yarmu Debby makaranta. Shi ya sa ko ina yi masa tsiya, a raina ina ganin girman abin.

Sai dai ya kafa mana doka: a gidan nan ba a faɗin mugun abu. Ba a cewa babu, sai dai "yana tafe". Ba a cewa ciwo, wai abin da baki ya kira shi ke zuwa. To, ga shi tari ya kama shi ba tare da kowa ya kira ba. Ƙurar auduga ce ta shekara da shekaru. In ya hau ɗan tudun gidanmu sai ya dafa bango, ƙirjinsa na kuka kamar buta a wuta. In na yi magana ya ce, "Kul, Rhoda! Kada ki ja mini da bakinki."

Shekarar da soja suka koma bariki, har rawa ya taka a tsakar gida, wai farar hula sun zo, masaƙu za su bunƙasa. Ina! Atamfar waje ta cika kasuwa, wuta ba ta tsayawa, injuna suka riƙa yin shiru ɗaya bayan ɗaya. Ba a daɗe ba aka ce za a rufe tasu.

Wata Asabar sai ga Malam Zakariyya'u daga Makera, abokin aikinsa ne tun suna shara. Ko ruwan da na kawo bai sha ba ya ce, "Maman Debby, wurinki na zo, don wannan taurin kai gare shi. Kafin a rufe, likita zai duba kowa. Wanda ya ce yana da ciwon ƙirji, masaƙa za ta tura shi babban asibiti, ita za ta ɗauki nauyi. Wanda ya ce lafiyarsa lau, shi ke nan, an sallame shi. Ni ma tarin nake yi, kuma zan faɗa." Ya juya ya dubi mijina. "Ernest, don girman Allah ka buɗe baki."

Ernest ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai buɗe bakin nake yi kullum."

Na roƙe shi. Na yi kuka, na yi faɗa, na haɗa shi da fastonmu, wanda ya ce masa Yesu ma sai da ya tambayi makaho abin da yake so. Ernest ya gyaɗa kai kamar ya ji.

Ranar dubawa na rufe teburin tumatirina na bi shi, na maƙale jikin tagar ɗakin likita. Layi har bakin get, likitan ya gaji, ko ɗaga kai ba ya yi. Da aka zo kan Ernest sai ya ce, "Akwai abin da ke damunka? Tari, ko numfashi?" Ina kallon mijina ya haɗiye tarin da ya taso masa, har idonsa ya kawo ruwa. Ya bugi ƙirji.

"Lafiyata ƙalau, likita. Ni mai ƙarfi ne."

Na ƙwala ihu ta taga, "Ƙarya yake yi!" Likitan ya ce shi mai jikin ya tambaya, a kira na gaba. Allah na gani, ran nan na tsani mijina. A mota na juya masa ƙeya, shi kuwa sai fara'a yake yi, wai ya kunyata Shaiɗan.

Malam Zakariyya'u ya kwanta asibiti, ya fito da sauƙi, yana ɗinki a Makera. Namu kuwa sai ƙanjamewa. Muka yi ta yawon kemis da jiƙe-jiƙe, da muka kai asibiti da guminmu aka ce mun makara. Duk da haka bai fasa madubi ba. Da tsayuwa ta gagara, Debby ce ke sauko masa da shi kan gado.

Wata safiya Debby ta kawo masa madubin, ya daɗe yana kallon fuskar da ke ciki. Ya buɗe baki, ina jiran karatun da na saba ji, sai ya kife madubin a kan bargo.

"Rhoda," in ji shi, "ba ni da lafiya."

Maganar da na yi shekaru ina roƙo ke nan. Ban san lokacin da na toshe masa baki da tafin hannuna ba.

"Kul, Baban Debby!" na ce. "Kai mai ƙarfi ne. Faɗi mana. Don Allah ka faɗa."

Bai faɗa ba.