Launin Ruwan Kwata

Mijina mai fenti ne, amma ku zo ku ga ɗakinmu. Tun da na tare bangon nan yake da wani launi marar suna, ga zanen gawayin yara, ga shatar yoyo har bakin taga. Duk sanda na yi magana sai ya ce, "Maman yara, gidan haya ne fa, wa ya san gobe?" Har babbar 'yarmu ta yi aure ina jin wannan karatu.

Sai ga goben ta zo. Kamfanin da ya saye gidajen layinmu ya turo wani mai tabarau da gwangwanin jan fenti, ya bi gida gida yana zabga alamar rusau. Wai za a kwashe mu a gina benaye masu gilashi. Ni dai a ɗakin nan na haifi 'ya'yana, kuma ba ni da inda zan kai gadona.

Aka taru a rumfar Mai Walda. Tela ya ce a je kotu. Mai Faci ya ce a tare titi da tsoffin tayoyi. Goggo mai wanki ta ce a bar ta da mai tabarau na ɗan lokaci kawai. Mijina kuwa ya ƙura wa alamar bangonmu ido har tausayinsa ya kama ni.

"Maigida, sai haƙuri," na ce masa.

"Dubi yadda ya bar shi yana tsiyaya," in ji shi. "Ko sirka fentin bai iya ba."

Wallahi don dai a cikin mutane ne!

Aka tsaya a kan Tela ya kai ƙara, mu kuma mu shafe alamun kafin motar rusau ta zo nemansu. Mijina duk aikin da ya yi sai ya dawo da ragowar fenti ya jibge mini a lungu, abin da muka sha faɗa a kai. Yanzu ranarsu ta zo. Sai dai babu launin da zai ishi gida biyu, shi kuma ya rantse ba ya faci, ko a shafe bango duka ko a bari. Gidan Tela ya samu kore, shagon Mai Faci ruwan ɗorawa, Goggo ta tashi da ruwan hoda tana tsine-tsine. Kowa ya ɗauki buroshi, mijina na bin mu a baya yana gyara mana layi yana tsaki.

Layi ya yi kyau. Kyawun nan shi ya ja mana.

Aka fara zuwa ɗaukar hoto. 'Yan mata masu dogayen farata suna jingina da ƙofar Goggo suna turo baki. Wata ta roƙe ta kada ta kwashe shanya, wai ta fito da kyau, sannan ta ce ita Goggon ta ɗan matsa gefe. Ba a jima ba mai tabarau ya dawo yana washe haƙora.

"Albishirinku, kamfani ya fasa rusau!"

Layi ya kaure da ihu. Mai Faci har ya rungume shi, ya bar masa shatar baƙin mai a farar riga.

"Ba abin da za a taɓa," ya ci gaba yana kakkaɓe riga. "Shagon faci zai koma wurin shan kofi, gidan tela na sayar da turare, na mai fenti kuma masaukin baƙi."

"To mu fa, ɗan nan?" in ji Goggo.

"Ai Mama, bangon ake so."

Ban taɓa jin kunya da haushi sun haɗu mini kamar ranar ba. Da hannunmu muka yi wa layi kwalliya, aka zo ɗaukarsa aka bar mu.

A rumfar Mai Walda duk ido ya koma kan mijina. Mai Faci ya ce, "Malam, kai ka ja mana, kai za ka fid da mu."

Bai musa ba. Ya gangaro da duro, ya juye duk abin da ya rage a gwangwanaye, ya ƙara da wanda ya roƙo wurin abokan sana'a, ya dama da sanda. Duk mai fenti ya san abin da ke fitowa idan aka gwamutsa launuka, amma ni sai ranar na gani: ruwan kwata sak. Da shi muka bi layi. Aikin da bai taɓa yin mai kyawunsa ba, shi ya fara ɗora masa buroshi. Na ga idonsa na zubar da ruwa, ya ce warin fenti ne. Kuma ko munin ma sai da ya ja masa layi tsaf.

Mai Walda ya baje tsoffin ƙarafa a bakin titi, Goggo ta zaɓo mafi yagewar kaya ta shanya. Masu hoto suka ɗauke ƙafa. Mai son buɗe wurin kofi ya zo, ya leƙo ta gilashin mota, ko sauka bai yi ba. Kotu kuma ta ce kowa ya dakata. Ba mu ci nasara ba tukuna, amma ba a ci mu ba.

Wata rana na dawo daga kasuwa na tarar da gadona da tukwanena a tsakar gida. Na yar da kwando na yi ɗaki a guje, na riga na fara kuka. Sai ga mijina tsaye a kan benci da buroshi, rabin bangonmu ya koma shuɗi mai haske. Ashe gwangwani ɗaya ya ɓoye bai juye a duro ba.

"Maigida," na ce, "gidan haya ne fa. Wa ya san gobe?"

Bai ko waiwayo ba.

"Na sani. Riƙe mini bencin nan, rawa yake yi."

Na share hawaye da bakin zane, na riƙe masa.