Ba A Shiga Ɗakin Gwaji Mutum Ɗaya

Ranar Talata aka kira Lorene Tackett daga gidan yari, aka shaida mata cewa Juma'a za a saki tsohon mijinta, Dewey. Shekara uku aka yanke masa saboda ya karya mata yatsun hannun dama da ƙofar mota. Wata goma sha tara ya yi. Wasiƙarsa ta ƙarshe layi ɗaya ce: ya san sabon gidanta. Tana da takardar kotu da ta hana shi kusantarta, amma daga ofishin 'yan sanda zuwa ƙofarta tafiyar minti arba'in ce a hanyar kan tsauni.

Laraba da hantsi, bayan ta sauke 'yan makaranta ta ajiye bas ɗin da take tuƙawa, ta shiga shagon bindigogi na Harlan Sizemore. Shekararta hamsin da biyu, haifaffiyar gabashin Kentucky, amma ba ta taɓa harba bindiga ba.

Ta nuna mafi ƙanƙanta a cikin gilashi, wadda za ta ɓace a aljihu. Harlan, dattijo mai tauna taba, ya ciro ta, ya tabbatar babu harsashi, ya ce ta ja samanta baya yadda ake ɗana ta. Yatsun da suka warke a karkace suka zame. Sau uku tana gwadawa.

"Kowa ita yake nunawa, Madam, don ta yi kama da abin wasa," in ji shi. "Ita ta fi shuri. Ba ta da nauyin da zai shanye bugun, hannunki ne zai shanye."

Ya jera mata wasu biyu. Ta biyun libarba ce, mai juya harsashi, ba sai an ja komai ba, amma kunamarta da tauri. Ta ukun babba ce, mai nauyi, mai laushin ja. Ya ce da hannu irin nata, harbi kaɗai zai raba gardama, kuma bindiga in ta fita shago ba a dawo da ita. Ɗaya kawai Lorene za ta iya saya.

A bayan shagon akwai ɗakin gwaji da bindigogin haya. Ta ce a ba ta duka ukun ta gwada. Harlan ya tambaye ta da wa ta zo. Ta ce ita kaɗai. Ya nuna mata sanarwar da ke bango: ba a ba da haya ga wanda ya zo shi ɗaya ba tare da bindigarsa ba. Shekara tara da suka wuce wani mutum mai ladabi ya zo shi kaɗai, ya karɓi haya, ya harbe kansa da harsashi ɗaya. Harlan da kansa ya wanke ɗakin.

"Amma za ka sayar mini?"

"Yanzu ma. Ki cike takarda, a bincika sunanki, minti goma kin fita."

"Za ka ba ni in kai gida, amma ba za ka ara mini a gabanka ba."

"Ban ce akwai hankali a ciki ba. Ɗakina ne dai."

Ta roƙe shi. Ta nuna masa takardar kotu, ta nuna masa wasiƙar. Ya karanta duka, ya ce hakan ma ya ƙara masa dalili. Ya ce ta kawo wanda ya san ta.

Ta zauna a mota rabin awa. Mutum ɗaya take da shi a kusa, yayarta Oleta, wadda ba su yi magana ba tun ranar shari'a. Mijin Oleta, Virgil, ɗan baffan Dewey ne, kuma Lorene ta daɗe da zargin ta bakinsa adireshinta ya fita. In Oleta ta sani, Dewey zai iya sanin tana da bindiga, ya zo da shiri. In ba ta kira ba, za ta sayi abin da wataƙila ba za ta iya harbawa ba.

Ta kira.

Oleta ta iso da garin fulawa a gaban rigarta. Ba ta gaishe ta ba.

"Ke da kike rufe ido in ana yanka kaza?"

"Yaya, Juma'a zai fito."

"Na sani. Virgil zai ɗauko shi."

Suka shiga. Ƙaramar bindigar ta yi tsalle, Lorene ta ajiye ta tana riƙe da wuyan hannu. Kunamar libarba ta ƙi motsi. Oleta ce ta ce ta daina wahalar da dama, ai tun suna yara da hagu take jifa. Da hagu, da babbar bindigar, harsashi huɗu cikin goma suka sami takardar da ake auna harbi. Harlan ya ce huɗu ba yawa, amma ita ce bindigarta.

Lorene tana cike takardar saye, Oleta ta tambaye ta ko akwai gado a ɗakin baƙinta.

"Virgil fa?"

"Virgil ya san na fita sayen zare."

Juma'a da ƙarfe tara na safe aka saki Dewey Tackett. A daidai lokacin matan biyu suna ɗakin gwajin Harlan. Shida cikin goma.