Sakin Hannun Malam Hudu

"Ba ta gaba ake ɗaurewa ba."

Muryar daga bayan katanga ta fito. Abokina Bilya na durƙushe a tsakar gidanmu, na ɗaure masa hannuwa a gaba da igiyar guga, yana tsakiyar jawabin da na shafe mako ina rubutawa.

Ruwan bara ya ci rabin katangar da ta raba mu da gidan Malam Hudu, don haka na leƙa. Yana kwance a kan tabarma ƙarƙashin darbejiya, matarsa Gwaggo Ikilima na yi masa fifita. Wata biyu ke nan bai fita ba, ƙafafunsa sun kumbura.

"Baba, wasa muke gwadawa," na ce. "Kurfi za mu kai shi ran kasuwa. A kan waɗanda ake kamawa a azabtar ba tare da shari'a ba."

"Na ji. Kwana huɗu ina ji. Abokin nan naka ya cika surutu, Zaharaddin. Wanda aka ɗaure ba ya jawabi. Ku tsallako da igiyar."

Shekara huɗu da suka wuce Malam Hudu ya zo nan Dutsin-Ma daga wata ruga a gefen Rawayau, ba saniya ko ɗaya. Duk unguwa ta san wasu 'yan sa-kai sun tsare shi kwana goma sha ɗaya, wai yana kai wa 'yan bindiga labari, sannan suka sake shi. Mutane suka ce ai ba a kama mutum haka kawai. A masallaci akan bar ɗan fili tsakaninsa da na kusa da shi. Ni kuwa da na gama jami'a, nake cika wa mutane kunne da haƙƙin ɗan Adam, ban taɓa tambayarsa komai ba. Abin da ya dame ni da shi sallarsa ce. Yana sakin hannu, kabbara ma ba ya ɗaga hannuwan su wuce ƙirji. Sau biyu na tare shi a ƙofar masallaci da littafin hadisi. Ya ce, "To, ƙaramin malam, Allah ya ba mu ikon gyarawa."

Muka tsallaka.

"Juya shi," in ji Malam Hudu. "Ba a wuyan hannu ba. Sama da gwiwar hannu. Ja, har su haɗu a baya."

Na ja.

"Wayyo! Zaharaddin, za ka ɓalla ni! Ni fa ko aure ban yi ba!"

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Gwaggo ta tallabo kansa ta ba shi ruwa.

"Bai yi minti ɗaya ba," ya ce da ya samu numfashi. "Ni daga hantsi zuwa la'asar, a reshen tsamiya. Kullum."

"Me kake ce musu?"

"Ruwa. In rana ta karkata kuma in ce musu lokacin salla ya yi."

Sai ya tattara ƙarfinsa ya ɗaga hannuwan biyu. Suka kai ƙirji, suka yi rawa, suka faɗi a kan tabarma.

"Tun daga nan, iyakarsu ke nan."

Na tuna littafin hadisin nan, na rasa inda zan sa idona.

"Baba, me ya hana ka faɗa mini?"

"Ka tambaya? Kai da ka zo da littafi."

Raina ya ɓaci, na hau faɗa. Na ce ya ba ni sunayen waɗanda suka ɗaure shi, sai mun faɗe su ɗaya bayan ɗaya a tsakiyar kasuwar Kurfi.

"Bar sunaye. Biyu sun mutu a daji. Na ukun, da nonon shanuna aka yaye shi."

"Ba su ne damuwarsa ba," in ji Gwaggo. "Cewa yake in ya mutu wa zai tsaya masa salla a unguwar nan? Kada mutum huɗu su ɗauke shi kamar buhun dawa."

"Ikilima, kin cika magana."

"Ƙarya na yi?"



Ranar na yaga jawabin. Washegari na sami limamin unguwa, Malam Dalhatu, na ce muna so mu yi wasan a ƙofar gidan Hudu ran Juma'a bayan la'asar.

"Wasan kwaikwayo, a layin masallaci? Ku dai 'yan boko. A bar abin da ya wuce ya wuce mana."

Babu maganar da na tsana kamar wannan. Da ita muke rufe kowace ɓarna a garin nan.

"Bai wuce ba, Malam. Yana kwance a bayan katangarmu. Ba kiɗa, ba rawa, minti goma."

Ya ja carbinsa ya shige masallaci, bai hana mu ba.

Ran Juma'a muka jingina Malam Hudu da matashi a bakin zaure. Mutane suka taru, yawancinsu don su yi dariya. Liman ya tsaya nesa da carbinsa. Ni na fito a ɗan sa-kai, na ɗaure Bilya yadda aka koya mini, na yi ta daka masa tsawa. Shi kuwa bai ce komai ba sai "Ruwa." Can ya ce, "Lokacin salla ya yi." Dariyar ta ragu.

Na kwance shi. Ya miƙe ya fuskanci gabas, ya ɗaga hannuwa zai yi kabbara. Suka kai ƙirji, suka yi rawa, suka faɗi.



"Kai," in ji Alhaji Sabitu mai hatsi, a hankali. "Ai wannan sallar Hudu ce."

Kowa ya juya ga zauren. Liman ya ratsa mutane ya zo ya tsuguna. Ya naɗe hannun rigar tsohon har sama da gwiwa. Tabon igiya ya zagaye damtsen, fari, kamar awarwaro. Ya daɗe yana kallo.

"Hudu, ka yafe mana."

"Allah ya yafe mana duka, Liman. Amma Bilya ya fi ni raki."

Ran Lahadi da hantsi Malam Hudu ya cika, Gwaggo na riƙe da hannunsa. Liman da kansa ya yi masa wanka. Ba kowa ya zo ba. Akwai waɗanda suka zauna a shagunansu suna kallo, na kuma san su. Saboda irinsu ne har yanzu za mu kai wasan Kurfi. Amma sahun jana'izar ya kai har wajen mai facin taya a ƙarshen layi, kuma ban ga fili tsakanin kafaɗa da kafaɗa ba.

Da muka dawo daga maƙabarta, Gwaggo ta kira ni ta kan katanga, ta lulluɓe da mayafi.

"Zaharaddin, sahu nawa?"

"Bakwai, Gwaggo."

"Ka ƙirga da kanka?"

"Sau biyu."

Ta gyaɗa kai. Ta sunkuya ta ɗauko igiyar gugarmu da muka bari a gindin darbejiya tun ran Juma'a, ta miƙo mini.

"Ungo, mayar wa gugan. Gida ya cika, mutane na son ruwa."

Na ɗaura ta a gugan, na zura shi cikin rijiya, na tsaya ina jin yadda yake cika.