Ranar da Muka Ɗaga Mama Upokoina

A tsibirinmu na Mauke yara sun watse. Wanda bai tafi Rarotonga ba yana Auckland, an bar mu tsofaffi da awaki da gidajen da ciyawa ta cinye. Ni Akaiti shekarata saba'in da shida, kuma ba na son a kawo mini maganar tafiya.

Ran Litinin maƙwabciyata Mama Upokoina ta zame a bakin tankin ruwa, ta kwanta nan tun hantsi har yamma ba wanda ya sani. Ba ta karye ba. Amma da nas ta buga wa Moeroa, 'yar Upokoina, waya, sai Moeroa ta ce tana tafe a jirgin Juma'a, za ta ɗauke uwarta zuwa Auckland. Upokoina kuwa kabarin mijinta yana ƙofar ɗakinta, kullum da safe sai ta share shi ta ba shi labarin gari.

Na tara matan da muke ɗinkin tivaevae tare, bargon nan namu mai furanni. Mu huɗu muka rage ban da ita.

"Ku kwaso katifunku," na ce. "Daga yau gidan Upokoina za mu zauna."

"Da wannan minsharin naki?" in ji Tungane, ɗaya daga cikinmu. "Gara Auckland."

"Rufe mana baki, mai haƙori uku."

Kafin Laraba mun tare, da tukwanenmu da kajinmu da hayaniya kamar gidan biki. Maganin hawan jini da na suga muka jera a taga, ni ke kiran suna da safe, wadda ta ƙi sha ta gamu da ni.

Moeroa ta iso da furen tarba a wuya, ta tsaya tana ƙirga katifu.

"Mama Akaiti, na gode ƙwarai. Amma ƙaramarku shekararta saba'in da huɗu. In ta sake faɗuwa, wa zai ɗaga ta?"

Abin da nake jira ke nan! Kwana biyu muna gwadawa da buhun gwaza.

"Upokoina, kwanta ƙasa! Tungane, bargo, maza!"

Tungane ta ruga akwati ta fizgo ɗaya. Muka mirgina tsohuwa a kai, kowa ta kama kusurwarta. Na ɗauko waƙar coci, da muka zo gaɓar da maza ke yin "hi! ha!" muka ɗaga gaba ɗaya. Sai ga Upokoina a sama, tana ɗaga hannu kamar amarya, har muka dire ta a gado. Muka sa guɗa.

Moeroa ba ta yi dariya ba. Hannunta na kan baki. Na duba bargon, sai na gane shi. Farin nan ne mai shuɗin fure, wanda Upokoina ta shekara takwas tana ɗinkawa ita kaɗai don a naɗe ta a ciki ranar binne ta.

"Tungane! Idon naki na ado ne?"

"To ai shi ne a sama! Ke kika ce maza!"

Upokoina ta shafa ɗinkin. "Ku ƙyale ta. Dama ina so in ga ko ya ishe ni. Ƙafata ta leƙo?"

"Ba ta leƙo ba," na ce.

Ta juya ga 'yarta. "Moeroa, a can wa zai kama mini kusurwa huɗu? Ke ɗaya ce, kina fita aiki tun asuba. Nan kuwa ga waɗannan mahaukatan, ga kabarin ubanki taku goma daga gadona."

Yarinyar ta zauna a bakin gado ta yi kukanta, muka bar ta. Da ta share ido sai ta shiga kafa mana doka. A sa ƙarfen dafawa a bakin tanki. A kira ta kowace Lahadi bayan coci. Za ta dawo da Kirsimeti, kuma in aka sake faɗuwa za ta tafi da uwarta, babu gardama.

"Wato ta zauna?" in ji Tungane.

"Ta zauna, Mama," in ji Moeroa.

Tungane ta tashi da rawa har zaninta ya kusa kwancewa. Ni dai na ce wa Moeroa mun ji, sannan na tura ta ta kankare mana kwakwa, don tun da ta sauka ba ta taɓa aikin komai ba.