Mutum Ɗaya, Ɗari Biyu da Hamsin

Inken Boysen tana cikin zuba ruwan zafi a butar shayi na'urar faks ta fara gurnani a bayanta. Ba ta ko waiga ba. Tun farkon annobar, kowace safiya ofishin lafiya da ke tsallake yake aiko wa ofishin magajin garin Tadenoog adadin waɗanda suka kamu a tsibirin, kuma kullum sifili ne. Aikinta ta tabbatar, ta sa hannu, ta mayar kafin tsakar rana, sannan ta rubuta shi da alli a allon ƙofar ofis.

Da ta zare takardar sai ta ga ɗaya.

A ƙasa an rubuta sunan Momme Ketelsen, tsohon da ke kiwon tumaki shi kaɗai a can ƙarshen tsibiri. Ya haye tsallake cire haƙori cikin makon nan, aka yi masa gwaji a can, ya dawo abinsa kafin sakamako ya fito.

Inken ta zauna. Ba ta buƙatar biro. Doka ta ce a auna kowane gari kamar mutanensa dubu ɗari ne, su kuwa ɗari huɗu ne cif. Mutum ɗaya cikin ɗari huɗu, in aka buɗa shi zuwa dubu ɗari, ya zama ɗari biyu da hamsin. Duk garin da ya haura ɗari kuwa rufe shi ake yi, ba baƙi, ba makaranta, ba ziyara.

Gobe ne ranar da aka ba ta ta je ta ga mahaifiyarta a gidan kula da tsofaffi da ke tsallake. Rabon su da juna tun kafin sanyi ya shigo. A 'yan watannin nan tsohuwar ta fara rikicewa, in sun yi waya sai ta riƙa kiranta Gesa, sunan ƙanwar tsohuwar da ta daɗe da rasuwa. Gidan kuma ba ya karɓar mai ziyara daga garin da ya haura ɗari.

Magajin gari Hauke Nissen ya turo ƙofa da kafaɗa, rungume da kwali, garin fulawa duk a gabansa. Shi ne mai gidan burodin tsibirin, kuma aji ɗaya suka yi da Inken tun suna yara. Bayansa ga Tade, matuƙin jirgin fito, ɗauke da wani kwalin.

"Sun iso!" in ji Hauke. Ya zaro kofi fari mai ƙaton sifili a jiki. "Dubi kyau. Ranar Asabar 'yan talabijin za su zo, kowa ya riƙe nasa. Tsibirin da annoba ba ta taka ba. Me ya samu fuskarki?"

Ta miƙa masa takardar. Ya karanta, ya juya bayanta ko akwai wani bayani, ya sake karantawa.

"To ai ɗaya ne."

"Ɗari biyu da hamsin ne, ranka ya daɗe."

"Ke, kada ki ranka-ya-daɗe ni da safen nan. Momme fa. Mutumin da in ka cire masa riga bai kai rabin mutum ba."

Tade ya leƙa ta kafaɗarsa. "Babban birni nawa suke?"

"Ɗari da tamanin jiya," in ji Inken.

"Wato mun fi su?" Tade ya yi fito a hankali. "Kai. Ba mu taɓa fin kowa a komai ba."

Hauke ya aje kofin, ya fara kai da kawowa tsakanin tebur da taga. Ya ce tunda ba za a iya rage Momme ba, sai a ƙara sauran mutane. Mutum nawa ake buƙata kafin a sauko ƙasa da ɗari? Inken ta ce sama da dubu. Ya ce a haɗa da masu gidajen hutu. Ta ce suna can garuruwansu, an ƙirga su a can. Ya ce 'ya'yan tsibiri da suka tafi karatu fa? Ta ce su goma sha ɗaya ne.

"Tumaki," in ji Tade.

Suka juyo suka dube shi.

"Ɗari tara ne. Suna zaune a nan, suna numfashi a nan. Kowace da lambarta a kunne, abin da ko mu ba mu da shi."

Inken ta jira Hauke ya yi dariya. Bai yi ba. Leɓunansa suna motsi, lissafi yake yi.

"Saba'in da bakwai," ya ce. "Inken, saba'in da bakwai!"

"In ciwon baki na dabbobi ya kama su kuma sai mu rufe makaranta?" in ji Inken.

Ya yi tsaki. Can ya tsaya cak gaban taswirar da ke bango, ya dangwala yatsa a kan gidan Momme. Ya ce kowa ya sani in teku ta cika, ruwa yana shafe hanyar gidan, ya zama tsibiri mai zaman kansa. A jira cikar ruwa, a sa hannu a lokacin, ba wanda ya yi ƙarya.

"Shi ke nan sai ya zama gari mai mutum ɗaya," in ji Inken, "mai dubu ɗari cikin dubu ɗari."

"Wannan matsalarsa ce."

Tade ya tafi duba jirgi yana dariya ƙasa-ƙasa. Da suka rage su biyu, Hauke ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, ya sassauta murya.

"Saurara. Na'urar nan tsohuwa ce. Sau nawa tana cinye takarda? A ce ta cinye yau. Sai Litinin a gyara. Ni in yi Asabar ɗina, ke ki je ki ga Mama. Ba don kofuna nake faɗa ba. To, har da kofuna. Amma ni ma na san Mama, ita ta koya mini ɗaure takalmi."

Inken ta dubi na'urar. Gaskiya ne tana cinye takarda. Ba wanda zai yi mamaki. Ta riga ta sayi alewar da tsohuwar take so, tana cikin jaka tun shekaranjiya.

"An ce in tabbatar kafin in sa hannu," ta ce daga ƙarshe. "Bari in tabbatar."

Ta kira gidan Momme, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Hauke ya ce wannan ba labari ba ne, Momme bai taɓa ɗaukar waya ba tun da aka ƙirƙiro ta. Ta ɗauki takunkumi biyu ta fita.

Iska tana gabanta duk hanya. Ta bi kan ganuwar da take tare ruwan teku tana taka keke a tsaye, tana shirya abin da za ta faɗa wa kanta in ta tarar da shi garau yana gyaran shinge: ga shi nan lafiyarsa ƙalau, ba ya ganin kowa, kwana uku ba za su canza komai ba. Ta kusa gamsuwa da hujjar lokacin da ta jiyo tumakin. Sun taru a bakin shinge suna ta kuka, kwamin ruwansu ƙaf.

Ta sa takunkumin, ta leƙa ta tagar kicin. Momme yana zaune a ƙasa, jingine da murhun da ya mutu, bargo a kafaɗa. Ƙirjinsa yana hawa da sauka da sauri kamar wanda ya yi gudu.

"Baba Momme!"

Ya buɗe ido ɗaya. "'Yar Boysen. Kuɗin shara ne? Na biya."

"Sakamakonka ya fito. Ka kamu."

"Na lura."

Ta tura ƙofar ta shiga, ta buɗe tagogi. Jikinsa zafi rau, leɓunansa sun sauya launi. Ya ce tun jiya ya zauna ya ɗan huta, ƙafafun suka ƙi tashi. Ta tallafo kansa ta ba shi ruwa, rabi ya zube a hannunta. Ta kira lambar gaggawa, ta amsa tambayoyinsu, suka ce jirgi mai saukar ungulu yana tafe, ta zaunar da shi sosai, kada ta bar shi ya yi barci.

"Yi mini magana," ta ce. "An ce kada ka yi barci."

"Ke ki yi. Ke ce mai numfashi."

Sai ta gaya masa gaskiya. "Ka san a lissafin hukuma kai kaɗai mutum ɗari biyu da hamsin ne?"

Ya ɗauki lokaci yana tara numfashi. "Ina sauran?"

"Su wa?"

"Ɗari biyu da arba'in da tara ɗin. Ko ɗaya ya tashi ya ba dabbobin nan ruwa."

Dariya ta kama shi, ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa. Ta riƙe shi a jikinta har ya lafa.

Jirgin ya sauka a tsakiyar makiyaya, tumaki suka watse. Mutane biyu cikin fararen kaya suka sa masa iskar numfashi, suka ɗaure shi a gado. Likitar da ke cikinsu ta tambayi Inken ko ta taɓa shi. Ta ce ta rungume shi ma. Likitar ta ce to ta killace kanta mako biyu, za a aiko a yi mata gwaji. Momme ya janye abin hancinsa ya ce makullin rumbun ciyawa yana rataye bayan ƙofa, kuma baƙar tunkiyar nan tana tunkuyi.

Da ƙarar jirgin ta ɓace, Inken ta kira ofishin lafiya ta ce ta tabbatar, ɗaya ne. Matar da ta ɗauka ta ce an gode, amma ba a karɓa ta waya.

"Jirginku ne fa ya ɗauke shi yanzun nan."

"Wannan sashen ceto ne, Malama. Mu sashen ƙididdiga ne. A wurinmu bai kamu ba sai mun ga sa hannu."

Sai ta kira Hauke.

"Ya yake?" ya tambaya. Duk garin sun ga jirgin.

"Ban sani ba. Da an kai Litinin, gawarsa za mu tarar." Ta ci gaba. "Takardar tana kan teburina. Ka sa hannu a madadina, ka kifa ta a na'urar, ka danna koren maɓalli."

Ta ji takunsa, ta ji ƙarar biro. Ya ce na'urar ta cinye takardar. Ta ce ya daina wasa. Ya rantse da kabarin ubansa ta cinye. Ta koya masa yadda ake buɗe murfin baya, ya zaro ta a yamutse, ya goge ta a cinyarsa, ya sake sawa. A karo na biyu ta wuce.

"Inken, tambaya ɗaya. In Momme ya... ba fata nake ba. Mun koma ɗari uku da casa'in da tara ke nan. Lissafin sauka zai yi?"

"Hawa zai yi."

"To Allah ya ba shi lafiya." Ya ja numfashi. "In ke ma kin kamu fa?"

"Ɗari biyar."

"Don girman Allah kada ki yi tari."

Ta zauna a gidan Momme, tunda dole wani ya kula da dabbobin. Tade ya kawo mata kayan sawa da burodi, ya aje a bakin shinge ya ja da baya, ya ɗaga murya ya ce an soke zuwan 'yan talabijin, amma wasu gidajen talabijin uku sun kira suna neman izinin shigowa.

Washegari da yamma, lokacin da ya kamata a ce tana kan jirgin dawowa daga wurin mahaifiyarta, asibiti suka sanar da ita Momme ya farfaɗo, har ya fara zagin shayinsu. Ta kunna ƙaramin talabijin ɗinsa. Ga taswirar ƙasa, ga Tadenoog ɗan ɗigo, an zagaye shi da da'ira don a gan shi, launinsa ya fi na ko'ina duhu. Wani mai baƙin kwat yana bayanin cewa a irin waɗannan ƙananan wurare cunkoso ne yake hanzarta yaɗuwar cuta. Inken ta dubi taga. Ciyawa ce har bakin teku, sai baƙar tunkiya tana kallonta.

Wayarta ta yi ƙara. Gidan tsofaffi ne. Ma'aikaciyar ta ce tsohuwa ta hana kowa sakat sai an kira.

"Gesa? Ke ce?"

"Ni ce, Mama."

"Kin kunna talabijin? Mun zo na ɗaya! A duk ƙasar nan, Gesa! Sun nuna mu a taswira, har da da'ira. Na gaya wa duk mutanen falon nan, garinmu ne wancan. Waccan mai kujerar taga baƙin ciki kamar ya kashe ta, nasu garin ko goma na farko bai shiga ba."

Rabon Inken da ta ji muryarta haka tun kafin annobar. Ta zauna a kujerar Momme.

"Na gani, Mama."

"Aikin Inken ne, kin ji. Ita ce take riƙe musu lissafi a ofis. Tun tana ƙarama kanta yake ja. In kin gan ta ki ce mata na gani, ki ce na ji daɗi ƙwarai."

Inken ta cire takunkumin da ta manta yana wuyanta, ta aje a kan tebur.

"Zan gaya mata," ta ce.